Warkin Baba

 

 Wannan makon mun ɗan jingine maganar kuɗin rufin masallaci da ta tankin alwala, za mu dawo kansu in sha Allah. Wata magana ce ta zo mana wadda ta tsaya mana a rai. Mun nemi izinin mai ita kafin mu rubuta, ya ce mu rubuta, amma a sakaya sunansa da na yaronsa. Saboda haka don Allah wanda ya gane, ya yi kamar bai gane ba.

Akwai wani dattijo cikin jama'armu, maƙeri ne, ya gaji ƙira kaka da kakanni. Mahaifinsa ne ya taso daga arewacin ƙasar Zazzau da masaba da awartaki da zugazugi, ya zauna a nan Kagarko. Da wuya a sami manomin citta daga nan zuwa Kubacha da Jere wanda fartanyar gidan nan ko garmarsu ba ta taɓa shiga gonarsa ba. Idan yana bakin aiki, warki yake ɗaurawa a kan wandonsa, na fatar akuya, wanda tartsatsin wuta da gumi suka mayar baƙi wuluk. Shekarar 2023 da cuta ta cinye citta, manoma suka daina sayen kayan aiki, kasuwarsa ta mutu, amma bai bari an koro ɗansa daga makarantar sakandare ko sau ɗaya saboda kuɗi ba.

Wata ranar Talata yana tsakiyar dukan ƙarfe aka buga masa waya daga makaranta, wai yaron ya faɗi wajen ƙwallo, hannu ya goce. Ya yar da masaba, ya tare ɗan acaɓa, ko ta kan warkin da ke ƙugunsa bai bi ba. Ya tarar da yaron a gindin bishiya, abokai sun kewaye shi. Yana isowa sai wani cikinsu ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi yaron da Turanci, wane ne wannan? Yaron ya sunkuyar da kai, ya amsa da Turanci shi ma, ya ce mai yi musu aiki ne, daga gida aka aiko shi.

Ya zaci Baba ba ya ji. Mutumin da ya shekara arba'in yana ciniki da Koro da Gwari da Jaba da Ibo, ai ko bai iya mayarwa ba yana ji. Bai ce uffan ba. Ya ɗauki ɗansa ya kai wa mai ɗori, ya biya, suka koma gida. Sai bayan kwana uku, an idar da sallar Isha, ya ja mu gefe ya ce: "Malam Sakatare, wuta ta sha cina a hannu, wallahi ban taɓa jin zafi irin na ranar nan ba. To yanzu ka faɗa mini, ni ne na yi laifi da na je haka, ko shi?"

Ba mu iya ba shi amsa a daren ba. Tun ranar muke juya tambayar, mun kai ta wurin Malam Liman, mun tattauna da wasu dattawa. Abin da muka tattaro ne muke so mu shimfiɗa a nan, domin warkin maƙeri ɗaya ne, amma maganar ta shafi gidaje da yawa. Akwai wanda 'yarsa ta ce kada ya zo mata ranar ziyara da rawani. Akwai uwar da ɗanta ya roƙe ta ta tsaya a bakin ƙofar makaranta saboda zanenta da lallen ƙafarta. Akwai mahaucin da ɗansa ba ya bin layin rumfarsa in yana tare da abokai.

Mu fara da kalmar kanta. Hausa ta ba mu kalma guda, kunya, amma ta ɗora mata kaya biyu. Idan aka ce yaro yana jin kunyar ubansa, yabo ne. Shi ne wanda ba ya haɗa ido da shi, ba ya kiran sunansa, ba ya zama a kan tabarmarsa, in ya hango shi tafe sai ya gyara tsayuwa. Wannan ita ce kunyar da aka karantar da mu cewa yanki ce ta imani. Amma idan yaro ya ce a ransa "Baba yana ba ni kunya," to an juya riga baibai. A ta farko yaron ne yake ganin kansa ƙarami a gaban uba. A ta biyu uban ne ya ƙanƙance a idon yaro. Duka biyun sunkuyar da kai ake yi, shi ya sa wani lokaci iyaye ba sa gane ranar da ɗayar ta fita, ɗayar ta shigo.

To daga ina ta biyun take zuwa? Ba a haifi yaro da ita ba. Wannan yaron yana shekara biyar, a maƙerar yake wuni, yana kuka sai an ɗaura masa guntun fata shi ma ya zama kamar Baba. Warkin nan bai sake ba, shi ne dai na jiya. Ido ne ya sake. Yaron ya ari idon abokansa ya kalli ubansa da shi, sai ya daina ganin mutumin da ya yar da aikinsa ya rugo, ya koma ganin baƙar fata da toka kawai. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idon aro ma haka yake, ba ya ganin abu yadda yake.

Domin mu gane cewa abin dariya ba a jikin tufa yake ba, bari mu ɗan leƙa wata ƙasa mai nisa. A arewacin Birtaniya akwai Sikotilan, inda mazan kan tudu suke da wata shiga tasu ta gado: zane ne na ulu mai layi-layi, an yi masa ninki ta baya, a ɗaura a ƙugu ya tsaya a gwiwa. Wanda bai sani ba zai rantse siket ɗin mata ne, kuma har gobe akwai 'ya'yansu da ke jin nauyin a ga uba da shi a kan titi. A 1746, bayan an murƙushe tawayen mutanen tudun a yaƙin Kuloden, majalisar Birtaniya ta yi doka ta haramta wannan shigar, in ban da ga sojojin sarki. Wanda aka kama karon farko, ɗaurin wata shida. In ya sake, a kore shi zuwa ƙasashen ƙetare shekara bakwai. A lokacin shigar 'yan tawaye ce, ta mutanen daji. Aka soke dokar a 1782. Shekara arba'in bayan haka, a 1822, sai ga Sarki Joji na huɗu da kansa ya ziyarci birnin Edinbara ya ɗaura wannan zanen. Yau shi ne kayan ango a can, kuma sarkin Ingila na yanzu yakan fito da shi a bainar jama'a. Jama'a, zane ɗaya ne fa. Jiya gidan yari, yau gidan sarauta. Me ya canza in ban da wanda ya ɗaura da wanda yake kallo?

Ba ma sai mun je Turai ba. Duk alhajin da ke cikin sahun nan ya taɓa tuɓe babbar riga da hula, ya ɗaura zane ya yafa wani, ya tsaya a Arfa tare da sarakuna da shugabanni, kowa da harami. Akwai ɗan da ya ga hoton ubansa haka ya ji kunya? Ai a bangon falo ake kafawa. A watan Oktoba na 1960 kuma Sa Abubakar Tafawa Balewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York da babbar rigarsa da hularsa. Irin rigar ce wasu yaranmu suke roƙon iyayensu kada su sa zuwa bikin yaye ɗalibai.

Ita kanta sana'ar da yaron ya ɓoye, ya san ko mece ce? Tarihin baka na Kano ya ce maƙera ne da suka zo neman tama suka fara zama a gindin Dala. A nan ƙarƙashin hancinmu, a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko, masana daga wata jami'a ta birnin Frankfurt a Jamus sun shafe shekaru suna tona ƙasa, suna bin sawun mutanen Nok, waɗanda suka iya narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wato abin da farfesa ya hau jirgi ya zo nema, shi ne yake ci da wuta kullum safiya a ƙofar gidan yaron. Alƙur'ani ma ya ba mu labarin Annabi Dawuda, alaihis salam, wanda aka tausasa wa ƙarfe yake ƙera sulke, ga annabta ga sarauta.

Amma kada mu yi saurin yanke wa yaro hukunci mu tashi. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: ya yi kuskure babba. Addininmu ya hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa ga iyaye, mu duba Suratul Isra'i aya ta 23, balle mutum ya ce ubansa ba ubansa ba ne. Sai dai yaro ɗan shekara goma sha biyar duniyarsa ba ta wuce bakin abokansa ba. Abin da babba yake gani dariyar minti biyu, shi a wurinsa suna ne da za a laƙaba masa har ya gama makaranta. Mu da muka yi sakandare ba da daɗewa ba, mun san wannan. Mun san yadda ake rera wa yaro waƙar tsiya zango guda saboda takalmin robar babansa. Kuma in za mu faɗi gaskiya, cikinmu akwai waɗanda suka taɓa laɓewa bayan aji da suka hango tsohuwa ta kawo musu ƙunshin ƙuli-ƙuli da gari. Allah Ya yafe mana.

Sannan yaranmu a nan suna ɗauke da wani nauyi wanda ɗan cikin birnin Kano ko Katsina bai sani ba. A can kowa shigarsa irin ta babanka ce. A nan, ajinsu gauraye ne, Abuja kuma ga ta nan ta hanyar Bwari, waya tana hannunsu dare da rana. Sun ji yadda ake kiran iyayensu "aboki" da wata irin murya a tasha da kasuwa. Sun kuma taso suna jin labarin abin da ya faru a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da bayan zaɓen 2011, lokutan da hula ko rashinta, suna ko lafazi, suka zama dalilin rayuwa ko mutuwa ga bayin Allah daga kowane ɓangare. Yaron da ya girma yana jin ana ce wa matafiyi ya cire hula kafin ya wuce wuri kaza, ya riga ya koyi cewa tufa tana iya tona mutum. Saboda haka wani abin da muke kira raini, in aka tona, tsoro ne ya sa rigar kunya.

Yanzu ga wurin da maganar ta fi yi mana ɗaci. Wa ya koya wa yaranmu cewa shigar mutum abin dariya ce? Mu tambayi kanmu. Idan Bagwariya ta wuce da ƙwarya a kafaɗa, me muke cewa a rumfa, yara suna ji? Sunan ƙabila guda muka ɗauka muka mayar da shi zagi, duk wanda harshensa ya karkace mu ce yana gwaranci, alhali mutanen nan Gbagyi suke kiran kansu, kuma tare muke cin kasuwa. Idan mutanen Kagoro sun fito bikin Afan ranar 1 ga Janairu da fatu da kwari da baka, ko mutanen Kwoi sun fito Tuk Ham da kayan gadonsu, wane irin suna muke kiransu da shi a cikin gida? Idan Bafulatani ya shigo gari da malfa da sanda, wace dariya ake yi bayan ya ba da baya? Yaro ba ya rarrabewa. Darasi ɗaya yake ɗauka: wanda ya ɗaura fata baƙauye ne, wanda ya bambanta da jama'a abin tsokana ne. Ranar da ya tsinci kansa a wurin da ubansa ne ya bambanta, sai ya auna shi da mudun da muka ba shi. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma sanar da mu cewa an yi mu dangi-dangi ne domin mu san juna. Mun karanta, mun wuce. Ashe izgilin da muka jefa waje ta taga zai dawo mana ta ƙofa.

To, sai ɗaya ɓangaren tambayar dattijon: shin uba yana da 'yancin ya sa abin da ya ga dama, ya je inda ya ga dama, yaro ya ji daɗi ko kada ya ji? A nan dattawanmu sun rabu. Wasu sun ce ƙwarai, ɗa ba ya tsara wa uba shiga, in ka biye masa yau a warki, gobe Hausar bakinka zai ce ka bari a gida. Wasu suka ce a'a, kowane wuri da shigarsa, ko masallaci ba ka zuwa da kayan aiki ranar Juma'a, kuma tausaya wa yaro ba faɗuwa ba ce.

Mu a namu ɗan ganin, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Tufa tana da iyaka, kuma tun a makarantar allo da littattafan farko na fiƙihu muka san ta: ta rufe al'aura, ta kasance da tsabta, kada a sa ta don girman kai. Abin da ya cika waɗannan, ko warki ne ko kwat, ba wanda ya isa ya kira shi abin kunya. Bayan wannan kuma akwai hikima. Uban da aka gayyata taron iyaye tun mako guda, ya wanke jiki ya sa wankakkiyar rigarsa ta Hausa, ya kyauta wa kansa da ɗansa. Uban da ya lura ɗansa na jin nauyi sai ya ƙara yi da gangan don ya karya shi a gaban abokai, shi ma bai yi adalci ba, domin tarbiyya daban, cin fuska daban. Amma wanda aka ce masa ɗanka ya karye ya taso a guje, wannan warkin da ya manta a ƙugunsa shaida ce a kan yadda yake son ɗan. Wanda ya tsaya neman guga a irin wannan lokaci, shi ya kamata a tuhuma.

Ga yara kuma, akwai tazara mai nisa tsakanin roƙo da musu. Yaro ya sami ubansa a keɓe, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ranar taron nan a sa farar shaddar nan, tana yi maka kyau," wannan ba laifi, mai yiwuwa ma uban ya yi murmushi. Jin nauyi a zuciya ma ba a kama mutum da shi, zuciya ba ta da ƙashi. Inda aka faɗa rami shi ne a tambaye ka wane ne wannan, ka sayar da shi don dariyar da ba za ta kai gobe ba. Abokan nan, shekara biyar masu zuwa da wuya ka san inda rabinsu suke. Shi kuwa mutumin, sunansa ne a bayan naka a kan kowace takardar jarrabawa, kuma da kuɗin gumin da ya baƙanta fatar aka biya ta.

Abin da muka gane a ƙarshe shi ne, yaro ba ya iya tsayawa ya kāre abin da bai san darajarsa ba. Mun bar gida mun zo neman halal, mun ba 'ya'yanmu abinci da kuɗin makaranta, amma ba mu ba su labari ba. Nawa ne cikinmu suka taɓa zaunar da yaro suka gaya masa garin da kakansa ya taso, da ƙafa ko a jirgin ƙasa ta Kafanchan, da abin da ya ɗauko a kansa, da dalilin da ya sa ake ɗaura warki, da wanda ya jeme fatar? Yaron da ya san wannan, in an tambaye shi wane ne wannan, yana da abin faɗa. Wanda bai sani ba, shiru ne da shi, kuma abokai ne za su cike masa shirun. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muka bar gida da ƙafa, kada mu bari ya bar 'ya'yanmu ta baki.

Malam Liman ya kira yaron shi kaɗai, ba duka ba zagi. Tambaya ɗaya ya yi masa: "Ɗana, da ka faɗi, cikin abokan nan wa ya biya mai ɗori?" Yaron ya yi ta kuka. Da dare ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Uban ya ce ya yafe duniya da lahira. Sai dai mun lura da wani abu: tun daga ranar, ko sayen gawayi zai fita, sai ya kwance warkin ya rataye a ƙusa, abin da bai taɓa yi ba shekara arba'in. An yafe, amma tabon yana nan. Wannan ne ya sa muka ce sai mun rubuta, domin wani yaron ya ji tun kafin bakinsa ya suɓuce. Asabar ɗin da ta wuce dai mun bi ta maƙerar, muka ga yaron a zaune yana zuga da hannunsa mai lafiya. Ba mu ce komai ba, sallama muka yi muka wuce.

Roƙonmu ga iyaye a wannan mako: a daren yau, bayan an ci tuwo, a ba yara labarin gida ko na minti goma ne. A kuma kama baki a gabansu idan maƙwabci ya wuce da shigarsa. Ga matasa kuwa, duk wanda ya san ya taɓa kauce wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa a hanya saboda idon mutane, in suna raye ya je ya gaishe su yau, ya jera da su har kasuwa. In sun riga mu gidan gaskiya, ya yi musu addu'a.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Kagarko da kudancin Kaduna baki ɗaya lafiya. Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskuren namu ne, a yafe mu.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci